Gem ɗina ya cinye furojet ɗin Yaya, an ɗora wa ƙanenmu laifin

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 21 a Kano. Laftof ɗaya ce a gidanmu, kuma ta yayata ce, da kuɗin adashinta ta saye ta, ta hannu. Tana ajin ƙarshe a jami'a. Da dare idan ta gama aiki takan bar mini ita in buga gem ɗin ƙwallo. Gem ɗin yana daɗewa kafin ya buɗe, sai na ga wani bidiyo a intanet ana koyar da yadda ake yanko wani sashe na RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, a mayar da shi faifan ajiya mai tsananin sauri. Kwamfutar tana da giga 16, na yanki 8, sabon faifai ya fito mai harafin R, na kwafi gem ɗin na zuba a ciki. Don in burge Yaya sai na ce mata na haɗa mata wuri mai sauri, da hannuna na kwashe foldar furojet ɗinta na mayar can. Ta yi kwana 9 tana aiki a ciki, ba ta kashe kwamfutar, murfin kawai take rufewa. Sai aka ɗauke wuta kwana biyu, batirin ya mutu. Da aka kunna, faifan R wayam. Babi na 1 zuwa na 3 da ta gyara, da babi na 4 da ta kusa gamawa, da lissafin takardun tambayoyi da ta shigar, duk sun tafi. Ta yi kuka sosai. Ƙanenmu ɗan shekara 12 ya kalli katun a kwamfutar ranar, sai ta ce shi ya goge. Baba ya yi masa faɗa mai zafi, ya hana shi taɓa ta har abada. Ina tsaye ban ce komai ba. Yau kwana 6 ke nan, saura wata ɗaya ta miƙa aikin. Ba na iya barci, amma ina tsoron idan na faɗa ba za ta sake yarda da ni ba. Sannan ina da ɗan kuɗin da na tara, abokina ya ce matsalar ƙarancin RAM ce, in sayi giga 32 abin zai yi daidai. Malam, in faɗa ko in yi shiru in taya ta sake rubutawa? Kuma maganar abokina gaskiya ce?

Wani matashi, Kano

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda ka ce ba ka iya barci. Wanda bai damu da haƙƙin 'yan'uwansa ba minshari yake yi a irin wannan hali. Don haka ba zan ɓata lokaci ina yi maka faɗa ba, zuciyarka ta riga ni. Amma kafin ka ƙarasa karanta amsar nan, ka yi mini alƙawari ɗaya: daga yau kada ka sake buga gem a kwamfutar nan, kada ka sauke komai a cikinta, kada ka saka wata sabuwar manhaja. Dalilin zai fito a gaba, kuma shi ne ya sa shirunka ya fi tsada fiye da yadda kake zato.

Bari mu fara da abin da ya faru a cikin na'urar, domin idan ka je gaban Yayarka dole ka iya yi mata bayani da bakinka, ba kame-kame. Ka ɗauki ɗan kasuwa mai tebur a bakin hanya da kuma sito a bayan layi. Sito shi ne faifan ajiya, kaya suna kwana a ciki shekara da shekaru. Tebur shi ne RAM, a kansa ake baza abin da ake cinikinsa yanzu, hannu yana kaiwa gare shi nan take, amma duk yamma sai an kwashe shi tas. RAM ba ya riƙe komai sai da wuta. Kowane ɗigon bayani a cikinsa ɗan ƙaramin caji ne da ke zurarewa, shi ya sa na'urar take sabunta shi kusan sau 15 a kowane sakan. Wuta na yankewa, cajin ya zube, rubutun ya bi shi. Idan aka rufe murfin laftof, barci take yi ba mutuwa ba, batiri yana ci gaba da ɗiga wa RAM 'yar wuta. Wannan ne ya rufa muku asiri kwana 9. Windows yakan yi ƙoƙarin juye abin da ke RAM zuwa faifai idan ya ga batiri ya kusa ƙarewa, amma tsohon batiri ba ya ba da sanarwa, yana nuna da saura sai kawai ya ɗauke. Ƙanenka bai goge komai ba, ba kuma cutar kwamfuta ba ce. Ka ɗauki kayan da ya kamata su kwana a sito ka bar su a kan tebur, aka tashi kasuwa.

Yanzu ga tambayarka ta farko. Ka faɗa, kuma yau, kada ka kai gobe. Na san kana lallaɓa kanka da cewa idan ka zauna ka taya ta sake bugawa ka biya bashin. Ba ka biya ba. Akwai yaro ɗan shekara 12 a gidanku da yake yawo da tambarin mai ɓarna, an yi masa faɗa a gaban kowa kan abin da bai aikata ba, kuma ya ga yayansa a tsaye bai buɗe baki ba. Mai yiwuwa shi kansa ya fara shakkar ko shi ɗin ne ya danna wani abu. Yaro a wannan shekarun yana manta faɗa, amma yana daɗewa bai manta ranar da ya rantse aka ƙi yarda da shi ba. A ganina, cikin mutum uku da ka ɗauki haƙƙinsu, nasa ne ya fi nauyi, domin ɓatan fayil kuskure ne, shirun da ka yi a kansa kuwa zaɓi ne. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Sannan ga dalilin da ya shafi na'urar kanta. Da ka kwashe foldar Yaya daga babban faifai zuwa faifan R, Windows kwafa ya yi sannan ya share na asali. A tsohon faifai mai juyawa, irin wanda nake kyautata zaton shi ne a laftof ɗinku tunda ka ce gem yana daɗewa bai buɗe ba, sharewa ba ta nufin an kankare rubutun. Sunan fayil ɗin kawai ake cirewa daga rajista, a rubuta cewa wurin ya zama fili. Rubutun yana nan kwance har sai an ɗora wani a kansa. To duk daren da ka kunna gem, duk abin da aka sauke, duk aikin da Windows yake yi a bayan fage, rubutu ne sabo da zai iya faɗawa daidai kan babi na 2 na Yayarka. Muddin ita tana zaton yaro ne ya goge, ba za ta san inda za a nema ba. Kai kaɗai ka san hanyar da fayilolin suka bi, kuma kowace rana da ka ƙara ta shiru tana rage abin da za a iya tsamowa.

Yadda za ka faɗa ma yana da muhimmanci. Ka same ta ita kaɗai, ba lokacin da take gaban kwamfuta tana fama ba, ba kuma a gaban Baba ba. Ka fara da laifin kai tsaye: "Yaya, ba ƙanenmu ba ne, ni ne. Wurin da na mayar miki da foldar ba ya riƙe abu idan wuta ta ɗauke, kuma na ji tsoro na yi shiru." Ka tsaya nan. Kada ka ce mai bidiyon ne bai yi bayani ba, kada ka ce batirin ne ya tsufa, kuma don Allah kada ka ce da ma ta ajiye kwafi a filas. Gaskiya ne duk mai rubuta furojet ya kamata ya ajiye aikinsa a wuri biyu ko uku, kuma ita ma za ta gane haka da kanta. Amma ba daga bakinka ba, ba a wannan ranar ba. Ta ba ka amanar kayan da ta yi adashi ta saya, ka ce mata wuri ne mai kyau, ta yarda da kai domin kai ne "ɗan kwamfuta" na gidan. Idan ta yi ihu, ka ƙyale ta ta yi. Idan ta ce kada ka sake taɓa mata kaya, haƙƙinta ne. Fushin kwana 6 na shiru zai fi fushin ɓatan aikin zafi, ka shirya wa wannan.

Idan ka ga bakinka ba zai iya ba, ka fara da Umma, ko wata gwaggo ko kawu da Yaya take jin maganarsu, su zauna tare da ku. Amma su zama 'yan rakiya kawai, maganar daga bakinka za ta fito. Ban ba ka shawarar saƙon waya ba. Gida ɗaya kuke kwana.

Daga nan sai Baba. Ka je da kanka, ka durƙusa, ka faɗa masa. Dattijo ba ya jin daɗin gane cewa ya hukunta wanda bai yi laifi ba, kuma wani ɓangare na fushin da zai yi maka na wannan kunyar ne, don haka kada ka yi mamaki idan ya yi tsanani. Ka roƙe shi ya janye hukuncin da ya yanke wa yaron a gaban waɗanda aka yanke shi a gabansu. Sannan ka kira ƙanenka gefe, ka ba shi haƙuri da kalmomi sarai, kamar yadda za ka ba babba. Mu a gidajenmu ba a saba ganin wa yana neman afuwar ƙane ba, an fi so a saya masa alewa a wuce wurin. Kada ka yi haka. Ka ce masa ka san bai yi ba, ka ji tsoro ne, ka roƙi ya yafe maka.

To bari mu koma kan ceto aikin, domin ban yarda komai ya tafi ba. Abin da ke cikin faifan R ɗin kansa kam ya tafi, babu gwanin da zai dawo da shi, duk wanda ya ce ka biya shi ya tono maka daga RAM kuɗinka yake so. Amma aikin ya bar sawu a wasu wurare. Na farko, Word yana ajiye kwafin gaggawa duk bayan minti 10 idan ba a sauya saitinsa ba, kuma ba a foldar da ake aiki yake ajiye shi ba, a babban faifai yake ajiyewa. Idan babi na 4 yana buɗe lokacin da batirin ya mutu, akwai kyakkyawan fata cewa kwafin yana nan. A buɗe Word a shiga File, sai Options, sai Save, za a ga adireshin foldar da yake zuba irin waɗannan fayilolin, masu ƙarewa da harufan asd. A leƙa can. A kuma duba File, sai Info, sai Manage Document. Excel ma yana da irin wannan tsarin, don haka lissafin takardun tambayoyin ma a nema masa haka. Duk abin da aka samu a kwafe shi zuwa filas nan take, kada a ajiye a kwamfutar. Na biyu, wasu manhajojin da ke yin faifan RAM suna da zaɓin juye abin da ke ciki zuwa babban faifai lokaci zuwa lokaci ko yayin kashewa. Ka buɗe saitin wadda ka yi amfani da ita ka ga ko an kunna shi, ko da ba ka tuna ka kunna ba.

Na uku shi ne tsofaffin babobin da ka kwashe. Akwai manhajoji na kyauta irin su Recuva da PhotoRec da ke bin faifai suna tsinto abin da aka share. Kuskuren da mutane suke yi shi ne su sauke manhajar a kan faifan da suke son ceto, sai ta zauna a kan abin da ake nema. Hanya mafi aminci ita ce a kashe laftof ɗin, a kai ta wurin mai gyaran da kuka yarda da shi, a cire faifan a jona shi da wata kwamfutar, a yi binciken daga can. A Kano ba za ku rasa masu wannan aikin ba wajen titin Beirut ko Farm Centre. Ku tsaya a yi a gabanku, kuma ku gaya masa sarai cewa ba a so a yi fomatin ko a sake saka Windows, domin wasu da sun ji an ce kwamfuta ta sami matsala abin da suke fara yi ke nan. Idan kuma aka buɗe aka tarar SSD ne a ciki, wato faifan zamani marar juyawa, fatan wannan hanyar ya ragu sosai, domin shi yakan goge abin da aka share da wuri.

Sauran sawun a wajen kwamfutar yake. Babi na 1 zuwa na 3 sun je hannun supabaiza, ko a takarda ko ta imel ko WhatsApp, tunda ka ce an gyara su. Shagon da ta je ta buga su mai yiwuwa kwafin yana nan a kwamfutarsu ko a filas ɗin da ta kai. Takardun tambayoyin da mutane suka cike da biro suna nan a jakarta. Shigar da su aiki ne na haƙuri, ba na ilimi ba, kuma a nan ne za ka biya bashinka da gaske: ita ta nuna maka tsarin, kai ka zauna ka shigar, ta bi ta duba. Babin da sai an sake tunani a kansa nata ne, kada ka sa hannu, kuma kada wani ya ba ku shawarar sayen rubutaccen furojet don cike giɓi, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ta je wurin supabaizanta da wuri ta faɗi abin da ya faru. Malamai sun sha jin labarin "kwamfuta ta cinye" daga bakin waɗanda ba su rubuta komai ba, amma ɗalibar da ta zo saura wata ɗaya, da babobin da malamin ya riga ya gani da takardun tambayoyinta a hannu, ba a ɗaukar ta a wannan sahun.

Saura maganar abokinka. Ba mugunta yake nufi ba, kuma dabarar da ka gani a bidiyo ba ƙarya ba ce, tsohuwa ce kawai. Tun 1984 tsohon tsarin kwamfuta na PC DOS 3.0 ya zo da wata 'yar manhaja mai suna VDISK da ke yin wannan aikin, a zamanin da ake aiki da faifan fulofi mai ɗaukar abin da bai kai hoto ɗaya na wayar yau ba. A lokacin tana da amfani ƙwarai. Kuma idan lambobi za a bi, abin yana da ban sha'awa. Faifai mai juyawa na laftof yana karanta wajen megabayit 100 a sakan. SSD irin na SATA, wato mai tsohon mahaɗi, yana kai wajen 550. SSD irin na NVMe, mai sabon mahaɗi, yana kai 3,500, wasu sababbi 7,000. Sandar RAM guda ta DDR4 mai gudun 3200 kuwa tana iya wuce megabayit 25,000 a sakan. Wanda ya ga wannan dole ya ce me ake jira.

Matsalar ita ce gem ba ya tafiya da wannan lambar. Da farko, kafin gem ya zauna a faifan RAM sai an kwafo shi daga faifan nan mai jan ƙafa, kuma duk lokacin da aka kunna kwamfuta sai an sake. Gem mai giga 6 a gudun megabayit 100 minti ɗaya cur ke nan na jira, don ka rage 'yan sakanni a wajen buɗewa. Na biyu, lokacin da kake kallon allon lodi, ba karatun faifai kaɗai ake yi ba. Furosesa, wato sashen da ke yi wa kwamfuta lissafi, tana warware fayilolin da aka matse, tana shirya hotuna, tana jera filin wasa da 'yan kallo. Da zarar faifai ya kai wani mataki na sauri, ita ce ke zama mai riƙe layi, ƙarin saurin faifai ba ya ƙara komai. Shi ya sa tazarar da ke tsakanin tsohon faifai da SSD kowa yana ganin ta da ido, amma tsakanin SSD da faifan RAM sai ka riƙe agogo kafin ka lura. Na uku, kuma wannan mutane da yawa ba su sani ba, Windows da kansa yana yin abin da ka wahalar da kanka a kai. Duk fayil ɗin da aka karanta yana barin kwafinsa a RAM ɗin da ba a amfani da shi, shi ya sa idan ka rufe gem ka sake buɗewa karo na biyu ya fi sauri. Bambancin shi ne Windows yana sakin wurin nan take idan wani aiki ya buƙata, faifan R ɗinka kuwa ya kame giga 8 ya hana kowa.

Wannan kamewar tana iya jawo akasin abin da kake nema. Ka mayar da kwamfuta mai giga 16 ta koma mai 8. Idan gem da Windows da burauza suka cika takwas ɗin, sai tsarin ya fara kwashe abin da ya yi yawa yana jibgewa a faifan nan mai juyawa, a nan ne za ka ga ɗan wasa ya ɗauko ƙwallo ya daskare ya sake zabura. Ɗan kasuwarmu ne ya jibge buhuna a rabin teburinsa don kada ya riƙa zuwa sito, sai ya rasa inda zai auna wa mai saye. Kuma ko da komai ya tafi daidai, faifan RAM ba ya ƙara santsin wasa. Yawan hotunan da ke wucewa a sakan aikin katin hoto ne, wato sashen da ke zana hotuna a allo, da furosesa. Game da giga 32 ɗin abokinka kuwa, gem ɗin ƙwallo na PES 2021 kaɗai yana neman wurin giga 40, GTA V kuma yana neman wajen 100. Ko ka saya, manyan gem ba za su shiga ba.

Inda faifan RAM yake da amfani har yau shi ne tarkacen wucin gadi, irin wanda masu haɗa bidiyo ko masu rubuta manhaja suke tarawa su zubar, abin da idan ya ɓace babu mai kuka. A garin da ake iya ɗauke wuta kwana biyu, da laftof ta hannu mai gajiyayyen batiri, ban ga dalilin da zai sa ka sake kusantar sa ba. Bayan an gama ceto abin da za a ceto, ka cire manhajar gaba ɗaya.

To kuɗin da ka tara fa? Da ni ne kai, kuɗin mai gyaran da zai binciki faifan zan fara warewa, sai filas mai kyau guda ɗaya na Yaya ita kaɗai. Idan da saura, SSD na SATA mai inci 2.5, wanda yake shiga daidai gurbin tsohon faifan a yawancin irin waɗannan laftof. Ko mai giga 256 ya isa Windows da aikinta, mai 512 ya fi sakewa. Shi ne abu guda da zai sa kwamfutar ta tashi da wuri, Word ya buɗe da wuri, gem ma ya buɗe da wuri, kuma ba ya mantuwa idan wuta ta ɗauke. Tsohon faifan kada a yar, a saka shi a ɗan akwatin USB ya zama ma'ajiya ta biyu. Amma ka kula da abu biyu. Kada a sauya faifai sai an gama binciken tsohon, kuma ni da zan so a bari sai ta miƙa furojet, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan kwamfutar tata ce. Wannan karon ka tambaye ta kafin ka taɓa ko da noti ɗaya ne, ka yi mata bayanin abin da za a yi da abin da zai iya lalacewa. Idan ta ce batiri ta fi buƙata, batirin za a saya, kuma ina ganin tana da hujja.

Idan wata rana ka mallaki taka, ko ta sake ba ka aron tata, akwai abubuwan da suke ƙara wa gem lafiya ba tare da haɗari ba. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, kwamfuta ta yi zafi, furosesa ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, don haka a buɗe a share a sabunta man sanyayawa da ke kan furosesar. A riƙa wasa tana jone da caja, a kan tebur ba a kan katifa ba. A rage girman hoto da inuwa a saitin gem. Idan kuma laftof ɗin ba ta da katin hoto na daban, daga RAM take aron wurin hotunanta, a nan sanduna biyu masu giga 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 amfani, domin hanya biyu ake bi maimakon ɗaya. Task Manager na cikin Windows zai nuna maka gurabe nawa ne a cike. Wannan ce kaɗai maganar RAM da ta cancanci ka saurara a halin da kake ciki.

Ka ce kana tsoron ba za ta sake yarda da kai ba. Ba zan yi maka alƙawarin cewa za ta yafe a ranar ba, ko ta sake miƙo maka laftof ɗin da dare kamar da. Wataƙila sai bayan ta kare furojet ɗinta a gaban malamai hankalinta zai kwanta ta dube ka da idon da. Abin da na sani shi ne, ranar da ta kai kwamfutar wurin mai gyara ya ga harafin R da manhajar da ke bayansa, cikin minti biyu zai gaya mata abin da ya faru, kuma ta san wanda ya haɗa mata "wuri mai sauri". Gara ta ji daga bakinka.

Ku buɗe mata ajiyar intanet ta kyauta, Google Drive yana ba da giga 15, ya ishi furojet ɗari. Duk daren da ta tashi daga aiki, kwafi ɗaya can, ɗaya a filas. Idan ta yarda, kai ka ɗauki nauyin tuna mata. Ka rubuto mini bayan mako guda in ji abin da aka samu a foldar Word ɗin, da kuma yadda kuka yi da ƙanenka. Allah ya sassauta zukatan mutanen gidan, ya ba Yayarka sa'a.